Sunan Shago a Gefen Kyalle

Durumi, Abuja

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare min ke a hanyar Kano, ya sa ki shiga jami'a da ƙafar dama, ki fito da abin da kika je nema. Na ba mahaifiyarki ta miƙa miki da safe. Ki karanta kafin ku isa tasha, akwai dalili.

Za ki ce me ya kai Baba rubuta wasiƙa alhali gida ɗaya muke kwana. To kin san halina. Duk ranar da na zaunar da ke da niyyar nasiha, kafin a je ko'ina na koma faɗa, ke kuma ki sunkuyar da kai kina "to, Baba", kina jiran in gama. Tun ranar da na fizge wayarki ma, "to" ɗin kaɗai nake samu. Rubutu kuwa hannuna bai taɓa ba ni kunya ba, da shi na ciyar da ku. Maganar Baffanki Sabo zan yi miki, ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya, da yadda na yi lokacin da aka ɗauke shi. Wani abin kin gani da idonki, wani kuwa ba ki sani ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ba a garin nan aka yi ba.

Tun kafin a haife ki nake rubuta allon shago da kyallen taro a Abuja. Maigidana da ya koya min aiki a Fagge shi ya saba min da cewa in ka gama, ka sa sunan shago a ƙasan kyalle, can gefen dama, da ƙananan baƙi. Haka kowane mai fenti yake yi, da haka kwastoma yake nemo ka. Da waya ta zo sai muka ƙara da lamba. Na rubuta wa 'yan fansho, na rubuta wa ɗalibai, na rubuta wa ma'aikata masu yajin aiki. Akwai safiyar da na rubuta wa masu cewa wane ya sauka, da masu cewa wane ya zarce, da gwangwanin jan fenti ɗaya, kowanne da sunana a gefe. Ko sau ɗaya ba a taɓa tambayata ba. A ganina mai rubuta kyalle da mai sayar wa taro ruwan leda duk ɗaya ne.

Sai ga Madam Ladi, shugabar matan nan masu suyar doya da awara a bakin titinmu. An zo an shafa wa rumfunansu jan fenti, alamar rusau. Ba su da kuɗin zuwa wajen masu injin buga kyalle, shi ya sa suka zo wurinmu. Abin da suke so a rubuta ke nan: a ba mu wuri kafin a rushe. Ba zagi, ba sunan kowa. Baffanki ya rubuta na Turancin don hannunsa ya fi nawa kyau, ni na rubuta na Hausar, sannan na durƙusa na sa sunan shago da lamba kamar kullum, ina ma yi wa Madam tsiya cewa tallar kyauta za ta yi min. Suka tafi ofishin da ke da alhakin abin. Ba su kai ƙofa ba aka watsa musu barkonon tsohuwa, aka ƙwace kyallen.

Bayan 'yan kwanaki na tafi kasuwa sayen fenti da azahar. Na dawo na tarar da shago a buɗe, buroshi a tsome cikin gwangwani, takalman Sabo a bakin ƙofa. Tela maƙwabcinmu ne ya faɗa min. Wasu mutane ne cikin kayan gida suka zo a mota marar lamba, da kyallen a naɗe. Suka nuna gefen dama suka tambaya ko nan ne. Sabo ya ce nan ne, har ya jawo musu benci, ya ɗauka aiki suka kawo. Suka ce ya zo ya amsa tambaya, yanzu zai dawo. Da silifas ɗin alwala ya bi su.

Ummi, mutuwar tsaye na yi. Na sa tela ya maimaita min har ya gaji. A kan kyallen masu doya? Na yi ta jujjuya kalmomin nan a raina ina neman inda laifin yake, ban samu ba, har yau kuma ban samu ba. Abin da ban lura da shi ba shi ne garin ya canza ina cikinsa. An daɗe ana kama yara saboda abin da suka rubuta a waya, ina jin labari a teburin mai shayi ina cewa su ma da rashin kunyarsu. An hana taruwa a wuraren da a da kowa ke taruwa, na ce ba ruwana, ni ba na zuwa. Ni na sa sunan, wanda aka tarar a shago ya tafi.

Don haka ki ji. Ba zan ce kar ki sa sunanki a kan abin da kika yarda da shi ba. Amma kafin ki sa, ki tsaya ki duba wa sunan zai jawo. A makaranta za ku kasance da yawa a ɗaki ɗaya, wata za ta ari wayarki, ke ma za ki ari ta wata. In kika rubuta abu, ki tabbata da wayarki ne, da saninki ne, kuma ke za a tarar. In kuma kika ji an kama wani saboda magana, ko ba kya son maganar tasa, kar ki yi irin dariyar da na yi a teburin mai shayi.

Kuskurena na biyu ya fi muni, kuma shi ne wanda kika gani. Na shiga yawon ofis-ofis. Nan a ce ba ya nan, can a ce ba mu san da shi ba, wani wurin ko ƙofa ba a bari ka matsa. Mutum da ransa, da matarsa da 'ya'yansa, an ɗauke shi da rana tsaka a gaban jama'a, amma duk Abuja ba wanda ya san inda yake. Wani mai gadi ya ja ni gefe ya ce in ina son ɗan'uwana in yi shiru, surutu shi ke sa su fushi. Na riƙe maganar nan hannu bibbiyu. Na je na ce wa Asabe matarsa ko maƙwabta suka tambaya ta ce ya yi tafiya gida. Na bi unguwa da farin fenti ina shafe sunana daga allunan da na rubuta, wani mai kemis yana kallona yana tambaya ko lafiya.

Ke kuma kin sa hoton Baffanki a waya, kin rubuta sunansa da ranar da aka ɗauke shi, kin tambaya ina yake. Abin da kika yi ke nan. Na shigo kamar mahaukaci na fizge wayar, na tsaya a kanki sai da kika goge, na ce so kike ki kashe min ƙani. Na ga yadda kika kalle ni. Tsoro ne ya yi min yawa, Ummi, tsoron su dawo su ce ke. Amma ke ce da gaskiya ranar nan, kuma na zalunce ki. Ki yafe min.

Washegari Madam Ladi ta zo da matanta, suka cika ƙofar shago. Ta ce sun ji abin da ya faru, su suka jawo, a shirye suke su bi ni duk inda zan je. Na buɗe musu wuta. Na ce su da doyarsu sun rusa min gida, su ɓace min da gani. Matar nan ta girme ni, amma sai ta gyara ɗaurin zaninta suka juya.

Idan aka ɗauke wani a gabanki, Allah ya kiyaye, ki faɗi sunansa a ranar, ga mutane da yawa, ga lauya, ga danginsa, ga duk mai kunne. Masu cewa a yi shiru a bi ta bayan gida ba su ne a kulle ba. Shirun da na yi bai rage wa Sabo ko yini ɗaya ba, sai dai ya ba su damar ci gaba da cewa ba ya wurinsu. Kuma in mutane suka zo taya ki, ko su suka jawo matsalar, kar ki kore su.

Yanzu ga wanda ba ki sani ba, mahaifiyarki ma sai kwanan nan na faɗa mata. Kin tuna Honarabul, mai jar hula, wanda yake ɗaga ki sama kina ƙarama? Lokacin da ba su da mulki, a bencinmu yake yini. Kyallensa nawa na rubuta, Allah kaɗai ya sani. Na ga ranar da ya dawo daga zanga-zanga ido jawur, riga a yage, Sabo yana zuba masa ruwa a ka, shi kuma yana cewa ko za a kashe shi sai talaka ya yi magana a ƙasar nan. Yanzu yana da kujera. Na ce ai shi ke nan, in akwai mai gane zancen kyalle, shi ne.

Na yi ta zarya a ƙofar gidansa har aka shigar da ni. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo lemo. Na zayyana masa komai. Ya saurara yana kaɗa ƙafa, sannan ya ce, "Malam Isa, lokacin da muke yi, gyara muke nema. Waɗannan na yanzu turo su ake yi."

Na ce masa masu suyar doya ne fa, ranka ya daɗe, ka san su, ka sha cin doyarsu. Ya ce ai irinsu ake fakewa da su. Wai in kawo masa sunan wanda ya ɗauki nauyinsu, zai ga abin da zai iya yi. Na dube shi ina neman mutumin da Sabo ya zuba wa ruwa, wallahi ban gan shi ba. Murya ɗaya, hula ɗaya, har dariyar ba ta canza ba. Kuma kar ki ɗauka jarumta ce ta hana ni ba da suna. Babu sunan ne. Matan nan karo-karo suka yi suka sayi yadin. Da akwai, ban san abin da bakina zai faɗa ba a ranar, kuma wannan yana ba ni tsoro har yanzu.

Da zan fita sai ya ce akwai ɗan aiki. Za a yi gangamin goyon bayan tsabtace birni, ana son kyalle na hannu don ya yi kama da na talakawa. Ya ce hakan zai nuna shagonmu ba ya tare da masu tada fitina, zai taimaki Sabo. Ummi, na rubuta. Da hannun nan nawa na rubuta muna goyon bayan rusau. Ranar gangamin na je na leƙa daga nesa. An kwaso mutane a bas daga Kuchigoro, 'yan gudun hijira, waɗanda su kansu a ƙarƙashin tamfol suke kwana. Wata tsohuwa tana riƙe da gefen kyallena, ta juya tana tambayar na kusa da ita yaushe za a sallame su. Ba wanda ya watsa musu komai, har rakiya aka yi musu. Na koma gidan Honarabul bayan nan, mai gadi ya ce oga ya yi tafiya, kuma haka ya yi ta faɗa duk zuwan da na yi.

A jami'a za ki haɗu da irinsa tun suna ƙanana, masu zaƙin baki, masu hawa tebur. Wasu na gaskiya ne. Ki saurari abin da ake nema, in daidai ne ki goyi bayan abin, amma kar ki ɗora ranki a kan mutumin. Ki lura da yadda yake yi in wani ya tashi ya ce bai yarda da shi ba, a nan za ki ga abin da zai yi ranar da ya samu kujera. Kar ki riƙe kwalin da ba ki karanta ba. Kar kuma tsoro ya sa ki faɗi abin da kika san ƙarya ne don a sassauta miki, ni na gwada, ba a sassauta ba.

Kin fi ni sanin yadda Baffanki ya fito, tunda da ke aka yi, ina nan ina shafe alluna. Sai daga baya na ji cewa Asabe ta saɓa maganata ta je wurin Madam Ladi, Madam ta samo wata lauya, ke kuma kika rubuta musu takardar koke a wayar ƙawarki. Na ji yadda matan suka riƙa zuwa kullum suna zama a ƙofar kotu, kowace da tirenta babu komai a kai, ba waƙa, ba ihu, in an tambaye su sai su faɗi sunan Sabo. Aka ɗauki hotonsu a waya, abin ya bazu. Sai ga wani ofis da na je da ƙafata aka rantse min ba ya nan, sun ce yana nan.

Ranar da aka kawo shi kotu na je. Da aka karanto tuhumar na ɗauka ta wani ce aka haɗa da tasa. Wai haɗa baki don tada zaune tsaye da ingiza jama'a su bijire wa hukuma. Sabo! Mutumin da ko akuya ta shigo shago sai ya lallashe ta ta fita. Aka baje kyallen a gaban alƙali a matsayin shaida, ga shi nan, a ba mu wuri kafin a rushe. Alƙalin ya karanta, ya cire tabarau, ya tambaya ko akwai wani abin bayan wannan. Babu. Ya kori ƙarar. A waje na je gaban Madam Ladi in ba ta haƙuri. Ita ta fara, da Hausarta ta 'yan Abuja.

"Oga mai fenti, kyalle namu ne, mutum naka ne. Kai bai zo ba, mu ya zo. Ya wuce."

Rumfunansu kuwa an rushe tun Sabo yana ciki. A ƙasa suke suya yanzu, in an koro su su kwashe kasko su gudu.

Na ɗauka in ya fito shi ke nan. Kin dai gan shi. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. In mota ta tsaya a gaban shago sai ya miƙe tsaye ya mayar da hannu baya kamar mai jiran ankwa, ko da mai kawo burodi ne. Na miƙa masa buroshi ya ja layi ɗaya, ya ajiye ya ce Yaya bari dai. Bai taɓa faɗa min abin da aka yi masa ba, na tambaya ya ce tambaya ɗaya suke ta yi, wa ya biya. Shi ya sa da ya ce zai koma gida ya yi noma ban hana shi ba.

Shekaranjiya muna zaune a shago bayan la'asar, ba wanda ya tambaye shi, sai ya fara magana yana kallon titi. Ya ce a ɗakin da aka sa shi akwai wani dattijo da ya daɗe a ciki, shi ya gaya masa cewa wanda mutanensa ke surutu a waje ba a mantawa da shi, wanda aka yi shiru a kansa kuwa sai yadda Allah ya yi.

"Sai hankalina ya kwanta," in ji shi. "Na ce masa ai ni Yayana duk Durumi an san bakinsa. Yanzu haka ya hana Abuja barci."

Ya juyo ya yi min murmushi, ya ce Allah ya saka min da alheri. Ashe ba wanda ya faɗa masa. Asabe ta rufa min asiri, ke ma haka. Na buɗe baki in faɗa masa gaskiya, na ga fuskarsa, na kasa. Na tashi na shiga bayan shago kamar zan wanke buroshi, na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar kakarki da na sa miki sunanta. Zan faɗa masa, in ya ɗan samu kansa. Wannan nawa ne, kar ki ɗauke min.

To ga ki za ki tafi inda idona ba ya kaiwa, kuma na san 'yar wa na haifa, bakin nan nawa kika ɗauko, sai dai naki ya fi nawa amfani. Raina yana so in ce ki yi karatunki ki rufe baki, ba ruwanki da kowa. Ba zan iya faɗa ba, don da kin bi wannan maganar da yanzu Baffanki yana can. Abin da nake roƙo kaɗan ne. In za ki fita neman haƙƙi, ki san wa ya kira taron da abin da ake nema. Kar ki je ke kaɗai, ki bar wa wata labarin inda kika tafi. Ki haddace lambata da ta lauyar nan a ka, don waya ita ake fara ƙwacewa. In kika ga an fara jifa ko ƙone-ƙone, ki bar wurin, ba shi ya kai ki ba. Ki kira ni kafin ki fita, na yi alkawari zan saurara har ki gama kafin in fara faɗa. In kuma wani abu ya same ki, Allah kar ya nuna min, ba zan sake bin bayan gida ba, da sunanki a bakina zan fita titi.

Dalilin da ya sa na ce ki karanta kafin tasha shi ne mota ɗaya za ku shiga da Baffanki, shi zai sauka kafin ku shiga Kano. Na roƙi direba ya ba ku kujerar baya, ki bar masa jikin taga. Kar ki tambaye shi komai a hanya. Tsakanin nan da can akwai shingen bincike da yawa, kuma tun fitowarsa bai bi ta ko ɗaya ba. In kika ga direba ya fara rage gudu, ki ja shi da hira, ko ta gona, ko ta yaransa. In mai kaki ya leƙo ya yi tambaya, ke ki amsa. In kika ga ya fara mayar da hannu baya, ki kama hannun ki riƙe a kan gwiwarsa har ku wuce.

Allah ya kai ku lafiya, ya kare ku daga sharrin hanya da sharrin mai iko in ya manta da Allah. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki ilimi mai amfani da abokan zama nagari, ya dawo min da ke lafiya. In kun sauke shi ki kira ni ki faɗa min yadda ya yi.

Wassalamu alaikum.

Babanki